Rabin Maganinta

Matata ta rasu, ni ina raye. Cuta ɗaya ce a jikinmu, kuma ni na kawo ta gida, daga bin motocin albasa zuwa Kudu.

Ita aka fara ganowa. Mai ciki dole ta je awo, a awo kuma ana ɗibar jini. Namiji ba mai ɗibar nasa. Ta dawo daga asibitin Jega da rana, ta zauna bakin ƙofa, ta ce, "Malam, sun ce ƙanjamau ne. Sun ce kai ma ka zo."

Na ce, "Mi zan je yi cikin mata?"

Na taɓa leƙa wurin. Benci cike da mata da goyo. A Aliero duk wanda aka gani a wannan layin, kafin la'asar labarinsa ya kai kasuwar albasa, ba mai sake sa hannu kwano ɗaya da shi. Ita tana da hijabi. Na ce a raina ba mai gane ta.

Aka sa ta kan magani, tana karɓowa wata-wata. Ta haihu lafiya, yarinyar ba ta ɗauka ba. Bayan suna jikina ya fara saki. Zawo, zazzaɓi, buhu ya gagare ni ɗagawa. Wata safiya na buɗe robar maganinta na haɗiye ƙwaya. Ta gan ni.

"Malam, nawa ne fa. Daidai ni suke ba ni."

"Ke da ni wa ya raba? Ki sha yau, in sha gobe."

Haka muka yi. Robar kan ƙare a kan lokaci, shi ya sa ba wanda ya gane. Da aikin fadama ya taso na koma na fi ta sha, don ni ke fita rana.

Na warware. Ita ta fara ramewa. Malamar asibiti ta duba jininta, ta yi mata faɗa: "Baiwar Allah, wasa kike da magani, ko zubarwa kike yi?" Matata ta ba ni labarin tana dariya, wai an ce da ita mai taurin kai. Ba ta ambace ni ba. A wurinmu mace ba ta tona mijinta a waje. Na san da haka tun ranar da na buɗe robar.

Aka sauya mata wani magani. Na shiga wannan ma.

Da ta kasa tashi, uwarta ta zo daga Maiyama ta tafi da ita da yarinyar. Can ta cika. Wurin zaman makoki na ji yayata tana cewa, "Allah dai ya tsare shi, kar ta shafa mishi." Na ce amin.

Ba nadama ta kai ni asibiti ba. Magani ne ya ƙare, kuma babu mai karɓo mini. Na hau kabu-kabu zuwa Jega ina jiran a yi mini faɗa. Ba a yi ba. Aka ba ni kujera. Malamar ta ce wa matan da ke benci, "Kun ga namiji, ya zo da ƙafarsa." Suka yi mini sannu.

Yanzu ina Aliero, ina noman albasata, ina shan nawa kullum ba tare da kowa ba. Yarinyar tana Maiyama wurin kakarta. Ba su ba ni ita ba, ni ma ban nema ba.