Ranakun da Kadangare Ya Shigo Gida

A ƙauyenmu ba a kiran bammi da sunansa a gaban yara. Kadangare ake cewa. Har na yi wayo ban san dalili ba, na dai san duk yammacin da Inna ta leƙo ta ce wa kakarmu, "Iya, yau da kadangare," to tatsuniya ta samu. Iya za ta kora mu ɗakinta, ni da ƙanena Sani, ta saki asabari, ta ƙara kara a wuta.

Kullum labarin ɗaya ne. Wai kadangare ya fita nemo wa 'ya'yansa abinci, ya hau tukuruwa, ya tarar da ƙwaryar mai tatsar bammi ta cika. Ya ɗanɗana, ya ƙara, har kansa ya yi ja. Ya faɗo ƙasa tim. Da ya koma gida 'ya'yan suka ce, "Baba, ka samo?" Ya gyaɗa kai. "Gobe ma za ka samo?" Ya gyaɗa kai. Har yau bai daina ba, shi ya sa ruwan ya ci sunansa.

Idan hayaniya ta tashi a tsakar gida, sai Iya ta ɗaga murya ta kwaikwayi faɗuwar, mu yi ta dariya. Na taɓa tambayarta, "Iya, 'ya'yan fa?"

"Sun girma mana, 'yar nan. Matso kusa da wuta."

Makon jiya ina ɗanwake a gidanmu na unguwar Malaz, can ƙasar waje inda maigidana yake aiki a ofishin jakadanci, Sani ya kira.

"Yaya, Baba ya rasu da asuba."

Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa, na koma na tsame ɗanwaken kada ya narke. Matan 'yan ofis suka zo gaisuwa da dabino da gahawa, har da masu hawaye. Ni ban ji komai ba, kunya kawai nake ji.

Sai da na haihu na gane aikin da Iya take yi. Ba ta so mu ga ɗanta, Baba, a buge, kuma ba mu taɓa gani ba, Allah ya saka mata. Amma ranakun kadangare sun fi sauran yawa. Tun rasuwar nake rufe ido in nemo fuskar Baba, ko kukan zai zo. Muryarsa kawai nake samu, daga bayan asabari, mu kuma muna dariya.