Ranar da Kwamfuta Ta Ce Babu Malam Sani

Har gobe ban manta da ranar da aka tsayar da ni a ofishinmu na Kaura Namoda ana tuhumata da goge sunayen manoma ba. Lokacin ni ne ƙaramin mai rubuta manhaja a wata ƙungiya da ke raba taki daga Zurmi har Shinkafi. Shugaban sashenmu kuwa wani ne da ba ya amsa sallama sai an ce masa Injiniya.

Shi ya rubuta sashen neman suna. Akawu zai buga sunan manomi, manhaja ta ɗauki sunan yadda yake, ta ƙera ƙa'idar bincike nan take, abin da muke kira rejeks. To, a rejeks baka biyu umarni ne, ba rubutu ba, sai an tace shi tukuna. Na gaya masa. Ya ce a inda ya yi karatu ba a sa baka biyu a suna. Kai, ilimi!

Mu kuwa a nan, ƙauye ɗaya sai ka sami Sani Abubakar biyar. Don haka akawunanmu kan rubuta garin mutum a baka biyu bayan sunansa. Duk wanda aka yi wa haka, kwamfuta sai ta ce babu shi.

Sau uku Malam Sani, wani dattijo daga Badarawa, yana hawo mota ana mayar da shi, geronsa yana jiran taki. A zuwa na uku ya dube ni ya ce, "Ɗana, in wanga inji ya ce babu ni, to wa ke tsaye gabanka?" Wallahi kunya ta kama ni.

Da ƙorafi ya yi yawa, Injiniya ya ce ni na goge sunayen. A gaban manaja na roƙi minti biyar, na ƙara layi ɗaya mai tace sunan kafin a ƙera ƙa'idar. Sai ga sunaye reras, babu wanda ya ɓata. Injiniya ko gezau bai yi ba. Ya rubuta a rahoto cewa akawunan ƙauye ba su iya rubuta suna ba.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku tace duk abin da mutum ya buga, kuma ku je ku ga yadda mutane ke rubutu kafin ku rubuta musu manhaja. An ƙara wa Injiniya girma a shekarar. Malam Sani ya karɓi takinsa bayan gero ya riga ya fitar da kai.