Banakula a ɗakin Hajiya

Da kaina na cire ɗiyata daga firamaren gwamnati ta unguwarmu, Ƙofar Guga, na kai ta makarantar kuɗi. Ranar da na leƙa ajinsu na tarar yara har kan taga, raina ya ɓaci, na rantse ba za ta ƙare a nan ba. Abin da ya burge ni da sabuwar makarantar, shugabar ta ce mani ba a yin Hausa a harabarsu. Banakula suke ce wa Hausar da Turanci, duk yaron da ya yi ta sai an sa shi kamun kunne. Har alfahari na riƙa yi da wannan a majalisa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka je gaida mahaifiyata. Ɗakin cike da ƙannena da matansu. Hajiya ta jawo yarinyar jikinta tana jera mata gaisuwa: ina gajiya, ya karatu, ya malamai.

Yarinyar ta zame, ta ɗaga yatsa, ta ce, "Hajiya, ki daina banakula, za a sa ki kamun kunne."

Aka kwashe da dariya, ban da Hajiya. Ta dube ni, ta ce, "Mi ne ne banakula?"

Na sunkuyar da kai ina jan bakin tabarma. Na ce, "Hausa ce, Hajiya."

Ta gyara mayafinta a hankali, ta ce, "To, ka tambayo mani malaman nasu, da wane baki zan riƙa sa mata albarka?"