Tsakuwar Wanzami

Shekarar da na bar koyarwa a Safana gwiwata ta kumbura, ko salla sai a zaune. Yayata ta rantse jifa aka yi mini, ta ɗauko wani wanzami daga Wagini. Ya kafa ƙaho, ya tsotsa, ya tofo wata jar tsakuwa a tafinsa yana kabbara. Gida ya ɗauki salati. Ni kuwa na gane ta, irinta ce fal a hanyar Batsari.

A Katsina likita ya nuna mini hoton gwiwar, da wani farin layi a guringuntsi kamar an ja da alli. Ya ce sinadarin da ke gina ƙashi ne yake taruwa da shekaru, ya daskare kamar farin da ke kama gindin butar shayi. In ɓurɓushinsa ya zuba cikin gaɓa, sai kumburi.

Da na gaya wa yayata, sai ta tafa hannu: "To, ba ga shi ba, Malam! Dutse dai!"

Na tsufa da alli a hannu, amma a gidanmu mai ɓoye tsakuwa a kunci ya fi ni ilimi.