Ɗalibin Soja a Kujerar Aski

Mai aski bai san saurayin nan ba, amma tausayinsa yake ji. Siriri ne, kakin ya yi masa yawa, littattafan jami'a na kan cinyarsa. Yana ta bitar umarnin fareti ƙasa-ƙasa.

"Lafiya dai, ɗana?"

"Baba, gobe ni zan jagoranci 'yan ajinmu atisaye a daji. Duk wanda ya ji ciwo, a wuyana yake."

Mai aski yana ayyanawa a ransa, wannan ai ko ƙannensa bai taɓa yi wa tsawa ba.

Wayar saurayin ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya yi gyaran murya.

"Umma, ki kwantar da hankalinki. Abin wasa ne."