Hanyar da na buɗe zuwa kan tudu

Duk Matameye babu wanda ya kai ni iya gyaran hanya, ko injiniyoyin Damagaram sai dai su zo ɗaukar darasi. Bara na ga tsofaffi suna dogon zagaye kafin su hau tudun bayan fadama, inda muke shan iska muna hango gonakin Dawce. Ga gajeriyar hanya kuwa, ƙaya ce kawai ta tare ta. Kwana biyu na yi ina janye ƙayar nan da manjagara, na jera duwatsu gefe da gefe kamar titin birni.

Na hau na zauna jiran godiya. Ba wanda ya bi. Mutum zai zo bakin hanyar, ya tsaya, ya dube ni, ya koma zagayensa. Na rasa gane kansu. Ko duwatsun ne suka karkace?

Da la'asar sai ga dattijon da ke lambun rake a gindin tudun, yana koro awaki, kowace da ɗanyen ganye a baki.

Na ce, "Baba, ka ga aiki?"

Ya ce, "Na gani, Alhaji. Shingen lambuna ka kwashe. Awaki dai sun gode."