Gwaggon Ɗakin Sanyi da Gurbi Takwas

Shekara ashirin da tara ke nan, kafin mai shara ya gama da barandar kamfaninmu na rarraba magunguna, ita ta riga ta hau bene, ta zura tsohuwar rigar sanyinta, ta shige ɗakin da kowa ke gudu. Ba don ita ake sanyaya ɗakin ba, don babbar kwamfutar ce, wani baƙin akwati mai tsayin firji wanda duk odar asibitoci ke bi ta cikinsa. Nan take zama gaban baƙin allo mai koren rubutu, ta karanta ƙorafin da na'urar ta tara tun jiya, kamar uwa mai duba jikin jariri da safe. Har manaja Gwaggo yake ce mata.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa ba zan bari ta sulale shiru yadda ta saba ba.

Aikinta rubuta manhaja ne da gyara ta, amma rabin yininta a kan shirmenmu yake ƙarewa. Wani ya buɗe bayanan wani asibiti ya tafi cin abinci, bayanan su kulle, mutum goma su yi cirko-cirko suna zagin kwamfuta. Wata ta danna harafi inda ake son lamba, aiki ya tsaya cak, ta rantse ba ta taɓa komai ba. Gwaggo ba ta gyara ta waya. Saukowa take yi da ciwon gwiwarta, ta ja kujera kusa da kai, ta ce ka sake yi tana kallon yatsunka. In ta gano, a kunne take faɗa maka, sannan ta gaya wa jama'a wai na'urar ce ta tashi da rigima.

Bara ne muka san ko wace ce ita. Masu yin wani maganin tari na yara suka aiko cewa rukuni guda ya lalace, a tsare shi. Aka tsare. Bayan kwana uku sai ga kwali goma sha biyu na wannan rukunin a wani asibiti. Allah ya kiyaye, mai ba da magani ta lura kafin a ba kowa. Laifin ya faɗa kan Dogo, mai shigar da lambobin kaya a sito, mutum mai 'ya'ya biyar da tsohuwa a gida. Ya yi rantsuwa har ya gaji. An buga takardar sallamarsa, sa hannun manaja kawai take jira.

Gwaggo ta sauka sito, ta ɗauko kwali, ta ce ya buga lambar jikinsa. Lamba goma ce, ya buga goma cif, allo ya karɓa. Ta koma sama ta duba inda ake adana ta, sai ta tarar da takwas. Ma'ajiyar gurbi takwas gare ta, tana yanke biyun ƙarshe ba ta ce uffan ba. Rukunin da ya lalace da wani mai kyau kuwa a biyun ƙarshen nan kawai suka bambanta, shi ya sa da aka saki mai kyau, na'urar ta saki duka. Ta buɗe manhajar don ganin wanda ya yi wannan aika-aika. A saman shafi ga kwanan wata, ga haruffan sunanta. Ita ta rubuta tana amarya, lokacin da lamba ba ta wuce shida.

Kunya ta rufe ta. Kuma ta sani sarai duk ginin nan ba mai iya karanta wannan rubutun sai ita. Cikin awa guda za ta iya faɗaɗa gurbin ta yi gum. Ta faɗaɗa ɗin, sannan ta buga tsohon shafin a takarda ta nufi ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, yaga takardar sallamar nan," in ji ta. "Dogo daidai ya buga. Ni na yanke lambar, tun ba a ɗauke shi aiki ba."

Manaja ya tuna mata saura watanni ta tafi, kuma dole maganar ta shiga fayil ɗinta.

"Gara ta shiga fayil ɗina da ta shiga tukunyar gidansa," ta ce.

Da aka gaya wa Dogo, zama ya yi a kan kwali ya rufe fuska da hularsa. Wannan ƙaton mutum, sai da muka ba shi wuri.

Gwaggo, ke ce mai gyara ba gori. Ke ce kika koya mana cewa a bayan kowane layi da ke kan allon nan akwai mutum da iyalinsa. Ke ce kika ga ƙofar tsira a buɗe, ba mai kallonki, kika juya mata baya. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwar nan lafiya. Muna ƙaunarki, kuma za mu yi kewarki ƙwarai.

Ku kuma da ke riƙe da aikin da ba mai iya bincikar ku a kansa, ku dube ta ku ɗauki darasi. Takardar gargaɗi guda ɗaya tak aka taɓa ba ta a rayuwarta, da ƙafarta ta je ta karɓo, kuma da ita za ta tafi gida. Dogo kuwa gobe da safe zai zo aiki.